Abokina ɗan Chaina yana tambayata kan sallah, yayana ya ce in kama bakina

Saƙon wannan makon daga Guangzhou ya zo, Gwanzu yadda mutanenmu na kasuwa suke faɗi. Dogo ne sosai, na rage shi, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai shi.

"Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 27, wata goma sha huɗu kenan ina Gwanzu ƙarƙashin yayana, muna yi wa 'yan Kwari da wasu na Wambai sayayya da lodin kwantena. Akwai wani ɗan Chaina sa'ana a shagon da muke yawan sayen kaya, mun shaƙu, ya sha ganina ina sallah a bayan sito yana tambayata me ya sa sau biyar, me ya sa bana shan giya. Sai na fara tura masa bidiyon wa'azi a manhajar WeChat, har na tura guda biyu a guruf ɗinmu na kasuwanci mai kusan mutum arba'in. Yayana ya gani ya yi min faɗan da bai taɓa yi min ba, wai zan ja a kore mu. Ni kuma an turo min bidiyon wani malami yana cewa zaman ƙasar da ba ta Musulunci ba bai halatta sai ga mai yin da'awa. Wallahi bana iya barci. Ga wahalar abinci, ga sallah tana kuɓuce min idan na yi tafiya garin Yiwu, ga kaɗaici. Yaron nan mutumin kirki ne, ko rasit na ce ya ɗan ƙara min kuɗi a kai baya musu, rubutawa yake. Ina tsoron Allah ya tambaye ni shi ranar gobe. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya saka maka da alheri kan wannan damuwa, dan ba kowa ne yake Gwanzu yake tuna wani abu da ya wuce farashin dala da ranar da kwantena zata iso ba. Amma zan faɗa maka gaskiya tunda ita ka zo nema: yayanka yana da gaskiya. Kuma akwai layi ɗaya a saƙonka da ya fi damuna fiye da maganar guruf ɗin, ka rubuta shi kamar ba komai ba, zan dawo kansa.

Bari mu fara da abin da zai iya sa a buga maka jan tambari a fasfo. Chaina ba kamar Ingila ba ce inda mutum zai kafa tebur a bakin titi yana raba littattafai ɗan sanda ya wuce ko kallonsa bai yi ba. Tun 1994 suna da doka a rubuce kan harkar addini ta baƙi, abin da ta ce a taƙaice shi ne kai baƙo ka yi addininka, ka je masallaci ko coci da gwamnati ta yi wa rajista, ka shigo da Alƙur'aninka da littattafanka na amfanin kanka, amma ba ka da izinin yi wa 'yan ƙasa wa'azi ko shigar da su addini ko kafa wata ƙungiya. Ranar 1 ga Mayu 2025 sabbin ƙa'idojin aiwatar da ita suka fara aiki, sun ƙara ɗaure ta. Bangaren intanet kuma tun 1 ga Maris 2022 aka ce sai mai lasisi ne zai yaɗa abin da ya shafi addini, kuma baƙo baya cikin waɗanda ake ba lasisin. To kaga bidiyon nan biyu da ka saka a guruf, a idon doka ba gaisuwa ba ce. Kuma WeChat ɗin nan layinka ne a jiki, layin da fasfonka aka yi masa rajista, da shi kake biyan kuɗin tasi da na shinkafa, babu wani ɓoyo a ciki.

Kada ka ɗauka wai Musulmi kaɗai ake yi wa. A 2017 an kori 'yan mishan Kiristoci na Koriya ta Kudu da dama daga arewa maso gabashin ƙasar, mutanen da wasunsu sun daɗe a can sun iya yaren. Abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. Sannan ka san halin da 'yan Afirka suke ciki a garin nan, waɗanda suke can a watan Afrilun 2020 lokacin korona ba zasu manta yadda aka fitar da mutane daga gidajen haya da otal suka kwana a titi ba, har sai da kakakin majalisar wakilai na lokacin Femi Gbajabiamila ya kira jakadan Chaina a Abuja. Wato dama ido yana kanku, kai kuma kana ƙara musu dalili.

Wani abin da na tabbata ba ka yi tunaninsa ba shi ne shi abokin naka. Kai in abu ya ɓaci wataƙila a saka ka a jirgi ka sauka Malam Aminu Kano, umma ta yi maka tuwo da miyar kuka. Shi fa? Can zai zauna, da sunansa a guruf ɗin da aka yaɗa wa'azin baƙi, a ƙasar da maganar Musulunci take da zafi tun abin da aka yi wa 'yan Uigur a Xinjiang. Garin neman gira kada ka jawo masa rasa ido. Ka goge abin da zai gogu, kada ka sake turawa, kuma ka je ka ba yayanka haƙuri, shi ya kawo ka, sunansa ne a jikin kamfanin da ya yi maka takardar gayyata.

Yanzu maganar malamin bidiyo. Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne da ya yi shekaru yana hawa jirgin Habasha ta Addis Ababa, amma ɗan abin da aka karantar da mu a zaure bai ɓace ba. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha ƙasar Kiristoci suka je, ƙarƙashin sarki Kirista, kuma Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira lokacin Khaibara, wato ya yi sama da shekara goma a can, har da shekarun da Madina ta riga ta kafu. Ka kuma duba yaushe ya yi jawabinsa da kowa ya sani. Sai da Najjashi ya kira su fada ya tambaye su menene wannan addinin naku, sannan ya yi bayani ya karanta farkon Suratu Maryam. An tambaye shi ya amsa, ya amsa da kyau ba tare da ya ɓoye komai ba. Abin da na ji daga malamanmu shi ne fatauci zuwa irin waɗannan ƙasashe ya halatta matuƙar mutum zai iya tsayar da addininsa, kai kuma kana sallah, kana azumi, kana zuwa Juma'a. Sannan biza alƙawari ce, sun ba ka aminci ka shiga bisa sharaɗi ka karɓa ka sa hannu, Musulmi kuma baya karɓar amana da niyyar warware ta a ɓoye. In zuciyarka bata kwanta ba ka kira malamin da ya san ka, ka faɗa masa har da dokar ƙasar, kada ka ɗauki fatawar minti biyu da aka yanko daga karatun awa biyu, mai yiwuwa shi kansa malamin da ka tambaye shi halin da kake ciki ba haka zai ce maka ba.

Kuma batun Allah zai tambaye ka shi, ka tuna ayar Suratul Ƙasas da aka ce wa Annabi (SAW) kai baka shiryar da wanda kake so. Kan baffansa da ya rene shi ta sauka. Kai waye da zaka hana kanka barci kan abin da ba a ɗora wa Manzo ba?

To mu zo kan rasit.

Ka ce yaron yana da kirki, ko ka ce ya ƙara kuɗi a rasit baya musu. Ƙanina ka sake karanta wannan layin a hankali. Alhaji yana Kwari ya turo maka kuɗinsa, ya wakilta ka, kaya yuan 18 ne ka ce a rubuta 20, biyun ta shiga aljihunka, shi kuma wanda ya riƙe biro ya rubuta ƙaryar shi ne mutumin da kake so ka nuna wa Musulunci. Da azahar ya ganka ka shimfiɗa kwali a bayan sito ka sa goshi a ƙasa, da la'asar ya rubuta maka rasit na bogi. Me kake zato yake karantawa? Bai iya Larabci ba, bai san Bukhari ba, bidiyon da ka tura masa ma wataƙila bai kai ƙarshe ba. Kai ne littafin da yake dubawa kullum. Kuma 'yan kasuwar Chaina ba yara ba ne, lissafi ne jininsu, sun san wane ajan ne yake cin maigidansa da wanda baya ci, suna hirarku a junansu da yarensu kuna tsaye kuna murmushi.

Na san abin da zaka ce, kowa yana yi, haya ta yi tsada, alhazan basa son biyan la'ada mai kyau, in ka faɗa musu gaskiyar farashi gobe su tsallake ka. Duk na sani, ni ma na yi zaman nan, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce hannuna bai taɓa shiga ba. Abin da ya sa na daina ba wa'azin kowa ba ne. Wata mata ce mai shagon mayafai, shekara kusan uku ina sayayya a wajenta, ranar nan na ce ta ƙara min a rasit kamar kullum, tana rubutawa ba tare da ta ɗago kai ba ta ce da guntun Turancinta, Allah ɗin naka baya ganin takarda ko? Ba da faɗa ta faɗa ba, wasa take, har tana dariya ta miƙo min shayi. Wallahi shayin nan ban iya haɗiye shi ba. Na fito na tsaya a bakin titi, zafin Gwanzu mai ɗanko ɗin nan riga ta manne a baya, na rasa inda zan sa kaina. Matar da bata taɓa shiga masallaci ba ita ta karanta min hadisin wanda ya ha'ince mu baya cikinmu.

Gyaran ba wuya ne da shi ba, ɗaci ne da shi. Dillanci sana'a ce ta halal tun kaka da kakanni, la'ada hakkinka ce, amma a fili. Ku zauna da yayanka, dan wannan ba abin da zaka yi kai kaɗai ba ne tunda a ƙarƙashinsa kake, kuma da ladabi zaka kawo maganar ba da wa'azi ba, ku yanke kamashonku kashi 3 ne ko 5 ko duk yadda aikin ya kama, ku faɗa wa masu kaya, rasit kuma ya tafi yadda yake. Wasu zasu gudu, ba zan ɓoye maka ba. Waɗanda suka tsaya kuma zasu riƙe ku da hannu biyu saboda ajan da za a tura wa kuɗi a kwanta a yi barci ya fi zinare wuyar samu. Abin da ka riga ka ci a baya ka yi lissafinsa ko da a ƙiyasi ne, ka nemi hanyar mayarwa ko neman yafiya, a hankali. Ranar da ka ce wa abokin nan daga yau rubuta gaskiya, zai tambaye ka me ya faru. Nan ne zaka ce addinina ne ya hana, kuma na daɗe ina saɓa masa. Babu dokar Chaina da ta hana wannan jumlar, kuma ta fi bidiyo ɗari nauyi.

Kada ka raina wannan hanyar kana ganin kamar ta masu tsoro ce. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa daga Mali suka zo da Musulunci fada zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, kuma mutanen fatauci ne da malamansu. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro haka suka kafa zango a Salaga da Kumasi, suna ciniki suna sallah mutanen gari suna kallo. Garin da kake zaune ma haka ne, fataken Larabawa da Farisawa ta teku suka zo tun zamanin daular Tang, masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiyar nan da ke titin Guangta shaidarsu ce.

To idan ya yi tambaya fa? Ka amsa. Dokar ta hana ka farautar mutane, amma in abokinka ya ce me ya sa kake sallah sau biyar ba sai ka yi kamar kurma ba. Ka amsa gwargwadon tambayar, baki da baki, ba a waya ba, kuma ka tsaya inda tambayar ta tsaya. Matsalarmu mu Hausawa in aka tambaye mu ƙarfe nawa sai mun ba da tarihin agogo. Ya ce me ya sa baka cin alade, kai kuma ka ɗauko wuta da aljanna da siraɗi, gobe ba zai sake tambaya ba. Sannan kada ka zagi abin da iyayensa suke yi. Yawancinsu ba wai suna da wani addini da suke karewa ba ne, amma girmama kakanni a wajensu babban abu ne, a farkon Afrilu lokacin Qingming zaka ga gari ya tafi share kaburbura. In ka ce masa kakarsa tana wuta kun gama. Kai ma ka tambaye shi nasu, me suke yi, me ya sa, ka saurara da gaske. Mutum baya son ya gane cewa abotar da ake yi da shi tarko ce.

In kuma abin ya wuce son sani, ka ga da gaske yana nema, to ba aikinka ba ne daga nan, kuma wannan rahama ce gare ka. Chaina tana da Musulmi 'yan ƙasa sama da miliyan 20, 'yan ƙabilar Hui yarensu ɗaya da shi, suna da limamansu da suke kira ahong. Akwai fassarar Alƙur'ani da Sinanci ta Ma Jian, Bahui ne da ya yi karatu a Azhar, an buga ta tun 1981. Shi ɗan ƙasa ne baligi, in ya taka da ƙafarsa ya je masallaci mai rajista ya yi magana da ahong wannan tsakaninsu ne, kuma ahong ya san abin da zai faɗa da yadda zai faɗa fiye da kai da kake haɗa Sinancin kasuwa da manhajar fassara. Kai dai ka ce masa ga inda masallaci yake. Abu ɗaya, in ɗan jam'iyyar kwaminis ne to su an hana su bin addini gaba ɗaya, kada ka matsa masa ko da wasa.

Bari in taɓa sauran da sauri, duk da a ganina su ne suka sa ka kasa barci ba malamin ba. Mutum in yana jin yunwa yana kewar gida komai sai ya zame masa dutse.

Abinci. Ka haddace haruffa biyun nan na qingzhen, ana faɗinsu kamar cing-jan, shi ne halal ɗinsu, ka sa hotonsu a waya. Shagunan taliyar Lanzhou masu koren allo kusan kowace unguwa akwai, yawanci Musulmi ne suke da su, zaka ga mai farar hula yana jan taliya da hannu. Wajen unguwar Xiaobei kuma ka san ba a rasa abincin Afirka da na Larabawa da na Turkawa. A sauran wurare cewa bana cin alade kaɗai bata isa ba, dan suna suya da kitsensa, suna zuba giyar girki a miya, har kek ɗin bikin wata da za a ba ka kyauta a akwati mai kyau sau da yawa da kitsen alade ake yinsa, ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya ka ba maigadi. Amma maganin gaskiya tukunya ce. Ka sa duk mai zuwa daga gida ya taho maka da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji, a ɗaure su da kyau, garin shinkafa ko na masara kuwa akwai shi a can. Ban da kilishi, nama ne, kwastan ɗinsu basa bari. Ranar da ka tuƙa tuwo a ɗakinka ka kira mutum biyu zaka ga rabin damuwar ta tafi.

Cin abincin masu masana'anta shi ne jarrabawa, tebur mai juyawa, laoban, wato maigidan, ya ɗaga ƙaramin kofin giyarsu baijiu yana cewa ganbei, wato a shanye, kowa ya zuba maka ido. Kada ka ɓata rai kada ka yi dogon bayani. Suna da maganarsu ta ladabi, yi cha dai jiu, wato shayi a madadin giya. Ka miƙe tsaye, ka riƙe kofin shayinka da hannu biyu, ka sa bakin kofinka ƙasa da nasa in kun haɗa, ka shanye. Sun san wannan, sun girmama shi. In zaka iya ka riga su zaɓar wajen cin, ka ce akwai gidan abincin Xinjiang mai gasasshen rago, ba wanda zai ƙi. Af, in zaka yi wa abokin naka tsarabar hula daga Kano kada ka kuskura ka kai koriya, a wajensu mai koriyar hula shi ne wanda matarsa take cin amanarsa. Agogon bango ma ba a kyautarsa.

Sallah a tafiya. Jirgin ƙasa mai gudu daga tashar kudu ta Gwanzu zuwa Yiwu awa shida zuwa bakwai ne, tafiyar ta ninka nisan ƙasaru sau da yawa, to me ya sa kake wahalar da kanka? Ka yi ƙasaru, ka haɗa azahar da la'asar, magariba da isha, ka zaɓi tikitin da zai ba ka damar yin biyun farko kafin ka hau ko bayan ka sauka. In baka yi niyyar kwana huɗu a can ba matafiyi ne kai har ka dawo. Alwala ka yi ta tun daga masauki, kuma ka riƙa yawo da ƙaramar gorar ruwa dan banɗakunansu babu buta. Kada ka ɗora ƙafa a wajen wanke hannu na tasha mutane suna kallo, a wajensu ƙazanta ce babba, kuma ba hoton da kake so a ɗauka na Musulmi ba kenan. Wajen yin sallar ka nemi lungu, ƙarƙashin bene ko bayan shago da izinin mai shi, ban da tsakiyar hanya ko a yi sahu goma a gaban tasha.

Na san ka daɗe da gane wannan amma bari in faɗa saboda sababbin zuwa da zasu karanta: alƙibla a Chaina yamma take, ta ɗan karkata arewa kaɗan. Mu da muka tashi ana cewa ya kalli gabas ana nufin ya yi sallah, zuwana na farko kwana uku na yi ina lura da inda rana take fitowa ta tagar otal ina ba Ka'aba baya da cikakkiyar natsuwa, sai da wani Banufe da muka haɗa ɗaki ya shigo ya tarar da ni ya kama dariya har da riƙe ciki.

Kaɗaici kuwa, awa bakwai ce tsakaninku da gida, lokacin da ka tashi aiki kana son hira su suna tsakiyar kasuwa, lokacin da suka natsu bayan isha kai ƙarfe uku na dare ne. Shi ya sa kake kwana kana kallon bidiyo har ka faɗa kan wanda ya hana ka barci. Ka yanke lokaci ɗaya da umma, ƙarfe ɗaya na ranarka shida na safiyarsu ne bayan ta idar da asuba, ku saba da shi. Juma'a kada ka bari ta wuce ka ko kwantena goma ake lodi, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 2 ka sauka tashar Yuexiu Park ka je masallacin Xianxian, wanda ake cewa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana ciki, duk da malaman tarihi sun ce a Madina aka binne shi a Baƙi'a. Ka je da wuri, kada ka tsaya cikin 'yan Najeriya kawai, ka gaisa da 'yan Mali da Yaman da Pakistan da tsofaffin Hui ɗin nan masu farin gemu, salamu alaikum ɗaya ce. Kuma wata goma sha huɗu kana ƙasar mutane daga sito sai masauki? Lokacin hutun sabuwar shekararsu masana'antu suna rufewa makonni, ba oda ba lodi. Ka sayi tikiti da wuri dan lokacin duk ƙasar tafiya take, ka je garin Xi'an ka ga babban masallacinsu da aka gina kamar fadar sarakunan Sin, rufin katako mai lanƙwasa da rubutun Larabci a bango. Duk inda ka sauka in ba otal ba ne ka yi rajista da 'yan sanda cikin awa 24, kuma ka riƙa duba ranar bizarka kamar yadda kake duba lokacin shan ruwa, wuce kwana ɗaya tarar yuan 500 ce, tana taruwa har 10,000, kuma ana iya tsare mutum.

In Allah ya kai mu ƙaramar sallah ka dafa shinkafa da miya da naman rago ka gayyaci abokin naka ɗakinka, ka rage barkono dan mutanen Gwanzu basu iya cin yaji ba. In ya gayyace ka gidansu kai ma ka je, ka kai wa iyayensa lemo, ka ci abin da ya halatta ka bar sauran. Amma kafin nan akwai lodi na gaba, kuma akwai rasit ɗin da za a rubuta. Ka rubuto min bayan ka yi magana da yayanka, ina so in ji me ya ce.